Ruwan da Aka Ƙara wa Baffa Bubayero

Malama Indo maƙwabciyata ce a unguwar Takur a Dutse, katanga ɗaya ta raba mu. Ma'aikaciyar lafiya ce, ta shekara goma sha tara tana aiki, kuma duk inda ta zauna da abu ɗaya aka san ta, wato samun jijiya. A kawo yaron da gudawa ta tsotse, ma'aikata biyu su soka su soka har su gaji, uwar tana kuka, sai a ce a kira Malama Indo. Ba ta gaggawa. Takan jawo kujera ta zauna, ta ɗaure dantsen, ta dinga shafawa da babban yatsa, wani lokaci ma idonta a rufe. In hannu ya ƙi ta koma ƙafa, in jariri ne ta duba fatar kai. Da wuya ka ga ta soka sau biyu.

A ruga aka haife ta, can bayan Jahun, tafiyar awa guda a babur in da rani ne. Mahaifinta Bubayero, wanda yaro da babba ke kira Baffa, 'ya'ya biyar ya haifa, biyu suka rayu: Jaji babba, sai ita Indo auta. Ukun da ke tsakaninsu duk suna ƙanana suka tafi, biyu ma a damina ɗaya. Wannan ne ya sa da aka buɗe makarantar 'ya'yan makiyaya kusa da su ya kai ta da kansa, ya bar Jaji a bayan shanu. Ta yi karatun aikin lafiya a Jahun, ta auri Malam Mu'az, wani ma'aikacin sakatariya a Dutse, aka tura ta wani ɗan asibitin ƙauye da ake kira Tsamiyar Kwance. Ranar Litinin takan tafi, ranar Juma'a ta dawo gida.

Rabin aikinta a can gardama ce a kan ƙarin ruwa. Manomi ya gaji da noma, ya zo ya ce a sa masa leda biyu ya ji ƙarfi. Mace ta yi zazzaɓin kwana ɗaya, mijin ya ce in ba a rataya mata ruwa ba to ba a yi magani ba. Indo takan ce musu, "Wanda bakinsa ke iya sha, ta baki zai sha. Ruwan leda na wanda amai ya hana shi riƙe komai ne, ko mai jegon da jini ya ɓalle mata, ko wanda wuta ta ƙona, ko wanda za a ba magani ta jijiya. Abin da ke cikin ledar nan ruwa ne da gishiri, wata da ɗan sukari. Kwanon fura ya fi shi ƙarfi." Wasu su ji, wasu su fita suna cewa tana rowar kayan gwamnati.

Shekara biyu kafin abin da zan ba da labari, ƙafafun Baffa suka fara kumbura. Ya zama ba ya iya kwanciya rigingine, sai a jingina masa buhun gero ya yi barci a zaune. Indo ta kawo shi babban asibiti a Dutse. Likita ya auna shi, ya ce zuciyar ce ta gaji, ba ta iya tura jini yadda ya kamata, shi ya sa ruwa ke taruwa a ƙafa da ƙirji. Ya rubuta masa wata ƙwaya fara mai sa fitsari, ya ce a rage gishiri da kanwa, kuma ko da wasa kada a ƙara masa ruwa a gida. Da suka koma ruga Indo ta zaunar da mahaifiyarta, Inna, da yayanta Jaji, wanda take kira Hamma, ta maimaita musu da Fulatanci. Suka ce sun ji.

A daminar 2021 amai da gudawa ya ɓarke a ƙauyuka da yawa na Jigawa. A Tsamiyar Kwance gado huɗu ne a asibitin, cikin kwana biyu suka cika, aka buɗe azuzuwan firamare aka shimfiɗa tabarmi. Aka ja igiya daga taga zuwa taga, aka rataye ledojin ruwa a jiki. Ma'aikata biyu ne kawai masu iya sa allura, Indo da wata abokiyar aikinta Juwairiyya, sai masu sa kai da ke kwashe bokitai suna yayyafa maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Indo ta ce mini ba ta taɓa ganin abin da ruwan leda ke iya yi ba sai a makonnin nan. A kawo ƙato a amalanke, ido ya faɗa, yatsu sun yamushe, murya ta tafi, ka taɓa wuyan hannunsa ba ka jin komai. Ta samu jijiya, ta buɗe ruwan gaba ɗaya, wani ma ta sa masa hannu biyu. Kafin leda ta uku ta ƙare sai ka ga ya buɗe ido yana tambayar wa aka bar wa shanunsa. Da zarar ya iya haɗiya sai ta mayar da shi kan ruwan gishiri da sukari a kofi, ta adana ledar don na bayansa. Wanda aka kawo da wuri yakan tashi. Wanda aka tsaya yi wa jiƙe-jiƙe kwana biyu, sau da yawa a bakin ƙofa yake cikawa.

A cikin mako na uku aka kawo wata mata mai suna Hassana, da cikin wata bakwai. Jijiyoyinta duk sun ɓace. Juwairiyya ta gwada sau huɗu ta haƙura. Indo ta durƙusa kusan rabin awa kafin ta samu wata siririya a idon sawu, ta manne ta da filasta, ta ɗaure ƙafar a jikin wani guntun katako, ta ce wa uwar Hassana kada ta bari ta motsa. Tana miƙewa wayarta ta yi ƙara. Jaji ne. Hantsi bai gama yi ba.

"Indo, Baffa ba lafiya. Kwana uku ke nan ba ya cin komai, ko fura sai ya kurɓa ya ture. Ki zo ki ƙara masa ruwa."

"Hamma, ƙafarsa fa? Ta kumbura?"

"Ta kumbura. Takalmi ma ba ya shiga."

"Yana shan maganinsa?"

Jaji ya ce, "Ya daina tun bayan Babbar Sallah. Ya ce alwala ba ta zama masa."

"To ka ji, Hamma. Ruwa ne ya yi masa yawa a jiki, ba rasa shi ya yi ba. Don girman Allah kada kowa ya sa masa ruwa. Ku ba shi farar ƙwayar nan yanzu, ku ɗauke shi ku kai shi asibitin Jahun. Gobe ake cewa za a turo mana ƙarin ma'aikata, suna zuwa zan taho."

"Ya ce ba ya zuwa ko'ina. Kuma fadama ta cika, mota ba ta shigowa."

"Hamma, mutum arba'in da wani abu ne kwance a nan, mu biyu ne kawai."

"Kina can kina ɗura wa bare ruwa suna tashi, ubanki kuma kin ce a'a."

Ya kashe wayar. Ta kira shi sau biyu bai ɗauka ba. Sai ga wani amalanke ya tsaya a ƙofar makaranta da yara biyu 'yan gida ɗaya, ta jefa wayar a aljihu ta nufe su.

Jaji ba mugun mutum ba ne. Shi ke tare da tsohon kullum, shi ke tayar da shi, shi ke riƙe masa buta. Yana ji a kasuwa ana labarin waɗanda aka kai wa ƙanwarsa kamar gawa suka dawo da ƙafarsu, ga mahaifinsa kuma yana ƙarewa a gabansa. Ya hau babur ya tafi wani ƙauye mai kasuwa, ya ɗauko mai kemis ɗin garin, Izzuddeen, wanda mutanen yankin ke kira likita ko da yake bai taɓa shiga makarantar aikin lafiya ba. Izzuddeen ya zo da leda uku da wasu allurai masu launin ɗorawa da ya ce na ƙarin jini ne. Bai auna tsohon ba, bai tambayi wane ciwo yake da shi ba, ƙafar ma a lulluɓe take da bargo. Ya kafa ƙusa a jikin ginshiƙin rumfa ya rataya ledar. Hadari yana haɗowa daga gabas, yana so ya ƙetare fadama kafin ruwa ya sauko, saboda haka ya buɗe abin ɗigon har ƙarshe.

Leda ta farko ta shige, Baffa ya ce yana jin sanyi na bin hannunsa. A ta biyu ya fara tari. Izzuddeen ya ce maganin ne ke aiki, ya rataya ta uku, ya nuna wa Jaji yadda zai cire allurar in ta ƙare, ya hau babur ɗinsa ya tafi. Ba a jima ba numfashin tsohon ya koma kamar ana zuƙar ruwa da kara. Ya yi ta fafutukar tashi zaune, su kuma suna kwantar da shi don ya huta.

Bayan azahar Inna ta sa wata maƙwabciya ta kira mata Indo. Ba ta yi dogon bayani ba, ta kara wayar kusa da bakin mijinta. Indo ta ji sautin, ta gane.

"Inna, an sa masa ruwa?"

"Jaji ya kawo likita."

"Ku matse robar, ku ƙulle ta. Ku tayar da shi zaune, ƙafafunsa su sauka ƙasa. Ga ni nan."

Ta ɗauki allurar sa fitsari guda biyu daga akwatin magani, ta ce wa Juwairiyya ta riƙe wajen, ta sa ido a kan ƙafar Hassana. Juwairiyya ta kalli azuzuwa ukun da ke cike da mutane, ta gyaɗa kai. Ɗan acaɓa ya kai Indo har bakin fadama ya ce nan ya tsaya. Ta naɗe zaninta ta shiga, ruwa har ƙugu, ta ɗora jakarta a ka. Ana yayyafi ta isa ruga.

Ta tarar da shi a zaune a bakin gado, Jaji na tallafe da bayansa. Leɓɓansa sun yi duhu, gumi ya jiƙe rigarsa, wani kumfa mai ɗan ja-ja yana fitowa ta gefen bakinsa. Ledar ta uku tana rataye, saura kaɗan a ciki. Ba ta kalli kowa ba. Ta cire robar, ta tura maganin ta allurar da ke hannunsa, ta kara kunnenta a bayansa. Daga ƙasa har sama ƙirjin tafasa yake yi. Ta san abin da yake bukata iskar oksijin ta asibiti ce, kuma mafi kusa tana Jahun.

"Hamma, ɗaura shanu."

Suka ɗora shi a amalanke a zaune, ita a bayansa ta rungume shi don kada ya kwanta, Inna na riƙe da tabarma a kansu saboda yayyafi. Jaji na gaba yana jan bijiman, yana kiran sunayensu, yana roƙonsu. Baffa ya kama wuyan hannun 'yarsa ya riƙe. Sau ɗaya ya yi ƙoƙarin magana, ya ce, "Indo am," wato Indo tawa, kamar yadda yake kiranta tun tana yarinya, sauran maganar ba ta fito ba. Ta dinga karanta masa kalmar shahada a kunne. Sun ƙetare fadama, ana hango motoci a kan kwalta, ta ji riƙon ya saki. Ta bar Jaji ya ƙara tafiya kaɗan kafin ta iya buɗe baki ta ce masa ya juya shanun.

Washegari da safe aka binne shi. A wajen zaman makoki mata suna shigowa suna yi wa Inna gaisuwa, suna cewa ai an yi masa duk abin da ake yi, har ruwa leda uku Jaji ya sa aka ƙara masa, kwana ne ya ƙare. Inna tana amsawa, tana sa wa ɗanta albarka. Indo na gefe tana ji. Izzuddeen ma ya zo ta'aziyya, ya zauna cikin maza, ya yi addu'a ya tafi.

Ta yi niyyar ta bar maganar a cikinta. A rana ta uku ta ji Jaji yana ba wani baƙo shawara, wai tsohuwarsa da ba ta da ƙarfi ya kira mata Izzuddeen, yana da sauƙin kai, har gida yake zuwa. Da baƙon ya tashi ta bi yayanta bayan garke inda yake kwance maruƙa.

"Hamma, kada ka ƙara tura kowa wajen mutumin nan."

"Saboda me?"

"Ruwan nan ne ya kashe Baffa. Zuciyarsa ba ta iya ɗauka ba, ya taru a huhunsa. Na gaya maka a waya. Likita ma ya faɗa tun a Dutse."

Jaji ya tsaya da igiya a hannu.

"Wato ni na kashe shi."

"Ban ce haka ba. Kwanansa ne ya ƙare. Amma sanadin ke nan, kuma ba na so a sake."

"Da kin zo da na kira ki, da wa zai je neman Izzuddeen?"

Ta ce mini har yau ba ta da amsar wannan tambaya. Ya juya ya ci gaba da kwance maruƙansa, ta tsaya kaɗan, ta koma cikin gida.

A rana ta huɗu ta koma Tsamiyar Kwance. Ma'aikatan da aka yi alkawari sai a ranar suka iso. Ta samu Juwairiyya zaune a kan benci, idanunta sun yi ja, muryarta ta dishe. Indo ta leƙa ajin farko, ta ga wani tsoho a kan tabarmar da ta bar Hassana.

"Ina mai cikin nan?"

Juwairiyya ta ce, "Ranar da kika tafi, da yamma, ciwon mara ya kama ta, ta yi ta juyi, allurar ta fita. Na nema, Indo. Wallahi na nema, hannu da ƙafa, har wuya na duba. Muka koma ba ta a cokali, tana sha tana amayarwa. Washegari cikin ya zube, ita ma ba ta kai azahar ba."

Indo ta wanke hannunta, ta sa safar hannu, ta shiga aji na biyu. Ta yi sati biyar a wajen ba ta zo Dutse ba, har cutar ta lafa aka mayar wa yara azuzuwansu.

Daga baya ta je har kemis ɗin Izzuddeen ta gaya masa abin da ya yi. Ya rantse bai san tsohon na da ciwon zuciya ba, ya ce da an faɗa masa da bai sa ba, har ya yi ƙwalla. Ta rubuta takarda ta kai inda ya kamata. Aka rufe shagon, bayan 'yan makonni aka buɗe. Yana nan yana sana'arsa.

Jaji kuwa da kaka ta yi ya kwashe shanu da iyalinsa ya yi kudu, kamar yadda wasu makiyaya ke yi da rani, sai dai shi da damina ta dawo bai dawo ba. Inna ta rage ita kaɗai a ruga, Indo ta ɗauko ta ta kawo ta Takur, ta nemi canjin wajen aiki zuwa wani ƙaramin asibiti a cikin Dutse. Jaji yakan kira Inna ranar Juma'a ta wayar Malam Mu'az. In Indo ce ta ɗauka, sai ya gaishe ta a taƙaice ya ce a ba Inna. Ita Inna har yanzu ba wanda ya gaya mata abin da aka yi a bayan garke. Takan ce ɗanta neman ciyawa ne ya yi masa nisa.

Bara, wata ranar Talata da hantsi, Indo tana wajen aiki sai ga kiran Jaji a wayarta ita kanta, karo na farko cikin shekara uku. Ba ko sallama.

"Indo, Mashkura ce. Gudawa da amai tun shekaranjiya. Muna wani asibiti a nan Taraba. Tun jiya suke cewa za su sa mata ruwa, na hana."

Mashkura 'yarsa ce, shekararta shida.

"Tana sha in an ba ta?"

"Ba ta iya haɗiya."

"Yaushe rabonta da fitsari?"

"Tun jiya da safe."

"Ja fatar cikinta ka saki. Ta koma?"

Ta ji motsinsa, sannan ya ce, "Ta tsaya."

"Hamma, ka bari su sa mata yanzu-yanzu. Ciwonta ba irin na Baffa ba ne. Shi ruwa ne ya yi masa yawa, ita nata ya ƙare. Ba ni ma'aikacin."

Ta yi magana da wata nas, ta tambaye ta nauyin yarinyar, suka daidaita abin da za a sa da saurin da zai tafi. Ta ce in hannu ya ƙi a duba idon sawu. Ta zauna da wayar a kunne tana jin kukan matar Jaji da ƙarar takalma, har nas ɗin ta ce an samu. Daga nan layin ya yanke.

Kwana biyu ba ta ji komai ba, in ta kira wayar a kashe. Ranar Juma'a ya kira Malam Mu'az kamar kullum, aka ba Inna, ya ce mata Mashkura ta tashi, tana shan kunu, amma an ce da an ƙara rabin yini da ba a same ta ba. Inna ta yi hamdala, ta ce ga Indo nan kusa, ko zai yi mata magana. Ya ce cajinsa ya kusa ƙarewa, a gaishe ta.

Indo tana tsakar gida tana wanke farar rigarta ta aiki lokacin da Inna ta isar mata da gaisuwar. Ta ce tana amsawa. Bana ma da Babbar Sallah Inna ta sa an gyara ɗakin baƙi, ta ce jikinta na ba ta zai zo. Bai zo ba, ya aiko da rago ta hannun wani direban motar shanu.